Baba Mamman da Ɗaɗɗoyar Bankok

Kowace safiya, ban da Juma'a, Baba Mamman yakan taso daga Tudun Murtala a kan kekensa, ya iso gidan Gwaggo Hafsat da ke Nasarawa GRA kafin rana ta hau katanga. Shi ne mai kula da shuke-shuken gidan. Yakan jingina keken a gindin dalbejiya, ya rataye rigarsa ta sama a reshe, ya naɗe ƙafar wando, sannan ya bi shukokin ɗaya bayan ɗaya yana taɓa su da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓi a goshin yaro. Sai ya gama wannan zagaye yake ɗaukar bokiti.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Na koma gidanta bayan na gama jami'a, ina jiran a tura ni hidimar ƙasa, kuma tagar ɗakina tana kallon lambun. Baba ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka, don haka sai da na yi wata huɗu kafin in haɗa tarihinsa guntu-guntu.

An haife shi a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja. Mahaifinsa ɗan lambu ne, mai ban ruwa da jigo, yana noma albasa da alayyafo da tattasai. Shekarar babban fari, da fadamarsu ta tsage, Baba ya shigo Kano yana saurayi, ya sauka a kasuwar 'Yankaba wajen masu kayan gwari. Ya fara da dako. Daga baya wani mai rumfa ya ba shi keke da kwanduna biyu, ya ce ya riƙa kai ganye gidajen GRA. A lokacin gidajen cike suke da Kwarori da Indiyawa da Turawan masaƙu, kowane gida da ganyen da yake nema, kuma matar gida tana iya mayar da kwando guda saboda ganye ɗaya ya langaɓe. Tsakanin kasuwa da ƙofar gida ta ƙarshe tafiyar awa uku ce a cikin rana. A wannan hanya ya yi karatunsa. Ya gane latas yana son sanyi har cikin ƙashi, na'a-na'a tana son ƙafarta a ruwa kanta a bushe, tumatir kuwa sanyi yana kwashe masa daɗi. Ya taɓa gaya mini cewa kowane ganye da irin mutuwar da yake yi, kuma aikinsa shi ne ya san ta kafin ta zo.

Marigayi mijin Gwaggo ne ya ɗauke shi aiki, shekara arba'in ke nan ko kusa. Yanzu yana cikin shekarunsa na saba'in. Yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma ya fara hazo, amma ya ƙi zuwa a yi masa aiki, wai sai bayan damina. Daminar da yake nufi ta wuce sau uku.

A cikin duk abin da ke lambun, akwai kwami ɗaya a bayan kicin da ba ya barin kowa ya ba shi ruwa. A gidan ana kiran shukar ɗaɗɗoyar Bankok. Ta yi kama da ɗaɗɗoyarmu, sai dai ganyenta ƙanana ne masu tsini, karanta yana da launin shunayya, ƙamshinta kuma wani abu ne tsakanin kanumfari da alewa. Gwaggo ce ta kawo ta. Shekara ashirin ta yi tana zuwa Bankok saro yadi da takalma, tana sauka a masaukin wata Musulma 'yar ƙasar da ke dafa wa 'yan kasuwar Afirka abinci. Wata tafiya ta kwanta ciwo a can, ta kasa cin komai sai romon kaza da matar ke jefa wa wannan ganye. Da za ta dawo, ta naɗe kara shida a jiƙaƙƙen ɗankwali, ta cusa a kular abinci. Ta miƙa wa Baba a tsaye a bakin mota, ta ce idan suka mutu shi ma ya nemi wani gidan. Tun daga ranar, shekara ashirin da shida, yake yankar kara daga tsohuwar shuka yana dasa sabuwa. Bai taɓa barinta ta yi iri ba, domin da zarar ta yi fure ganyen yakan yi ɗaci, Gwaggo kuma tana ganewa.

Bara Gwaggo ta sami shanyewar ɓarin jiki. Bakinta ya karkace kaɗan, hannun dama ya daina aiki, likita ya hana ta gishiri da magi. Daga nan abinci ya fita daga ranta. Tuwo, shinkafa, kunu, duk ta ce ɗanɗanon kwali suke yi. Abu ɗaya take buɗe wa baki: romon kaza da ɗaɗɗoyar Bankok, da 'yar farar shinkafa a ciki. Likitan da ke zuwa dubata gida ya faɗa a gabanta cewa muddin ta daina ci, asibiti za a kwantar da ita a zura mata tiyo ta hanci. Ta ga an yi wa mijinta haka kafin ya rasu, kuma babu abin da take tsoro kamarsa. Tun ciwon ba ta ƙara fita daga ɗakinta ba. Ba ta son ma'aikatan gidan su ga bakinta.

Ana saura kwana biyar Babbar Sallah, ranar Talata, ɗanta Mustafa ya aiko daga Abuja a sayi ragon layya. Aƙilu direba ya kawo shi bayan La'asar, Baba ya riga ya tafi gida. Ƙaton rago ne fari, ya sha wuyar mota. Aƙilu ya tausaya masa, ya nemi wuri mai inuwa da ƙasa mai laushi, ya ɗaure shi a jikin gwaibar da ke bayan kicin. Ya kuma sassauta igiyar sosai don dabbar ta sami damar kwanciya.

A wannan ranar ce kuma Jummai mai dafa abinci ta tafi ƙauyensu yin Sallah, ta bar mini kicin. Kafin Baba ya tafi ya yanko kara goma sha ɗaya, kamar yadda yake yi duk bayan kwana uku, ya tsoma su a kwalba a bakin taga. Zafi ake yi irin na gab da saukar damina, wanda bango ma yake huci. Na dubi ganyen na ji tausayinsu. Na cire su daga kwalbar, na wanke su tas, na ɗaure a leda, na saka can cikin firiji inda ya fi sanyi.

Da safe na tarar da Baba a tsaye bakin kwamin, rigarsa ta sama tana jikinsa. Babu ko ganye ɗaya. Ƙasar tana da laushi saboda ban ruwa, don haka ragon ya tumɓuke shukokin har saiwa, ya tattaune, ya tattake saura. Aƙilu yana gefe yana ta rantsuwa cewa ya ɗauka ciyawa ce. Baba ya durƙusa ya yi ta laluben ƙasar da yatsu, yana ɗago guntaye yana sunsunawa yana yarwa. Da ya tabbatar babu abin ceto, ya miƙe ya juyo wajena.

“Malama, na jiya fa, na bakin taga?”

Malama yake kirana tun da ya ji na yi jami'a. Na shiga na ɗauko ledar na miƙa masa. Yana taɓa ta ya ji sanyin. Ya kwance ta a hankali. Wasu ganyen sun yi baƙi kamar an zuba musu tafasasshen ruwa, sun manne da juna.

“Wannan ɗan ƙasar zafi ne kamarmu,” in ji shi. “Sanyi ƙona shi yake yi.”

Iyakar abin da ya ce game da laifina ke nan, a ranar da kuma bayanta.

Ya shimfiɗa buhu a inuwa ya jera karan. Idonsa ba ya rarrabe baƙi da kore sosai, don haka da hanci da yatsa ya yi aikin. Ya ɗauki kowane kara, ya murza shi kusa da kunne kamar mai sauraro, ya sunsuna gindinsa. Huɗu ya ware gefe nan take, waɗanda suka jingina da bangon firijin. Ya ce a jira Azahar, domin ciwon sanyi ba ya nuna kansa duka sai ganye ya huce. Da Azahar ta yi, biyu sun ƙara baƙi, daidai waɗanda ya ajiye a ƙarshen layi yana shakkarsu. Saura biyar. A duk faɗin Kano, iyakar saninmu, su ke nan.

Shi da kansa ya je ya gaya wa Gwaggo. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, bayan labule, ya cire hula. Ni ina ciki ina riƙe da kofin maganinta.

“Hajiya, rago ya cinye ɗaɗɗoya.”

“Duka?”

“Saura kara biyar.”

Maganarta tana fita a hankali yanzu, kalma tana jan kalma.

“Ni a kular abinci na kawo ta, Mamman. Kwana biyu a hanya, jirgi biyu. Kai gida guda gare ka, da bohal.”

“Haka ne, Hajiya.”

“To tashi ka ba ni wuri.”

Matsalar a fili take. Karan biyar ɗin su ne irin da za a dasa, kuma su ne abincin Gwaggo. Kafin su fitar da saiwa a ruwa sai an yi kwana goma ko fiye, kafin a fara tsinkar ganye a ƙasa kuma sai an ƙara mako uku. Mustafa ya bugo waya ya ce a zaga gari a nemo, ko nawa ne. Aƙilu ya zaga manyan kantuna da 'Yankaba, ya dawo da ɗaɗɗoyar gida da wata mai faɗin ganye irin ta Turawa. Na gwada kowace a romo. Gwaggo ta sunsuna ta kawar da kai.

Abin da Baba ya yi da karan nan biyar, na zauna na kalla daga farko har ƙarshe. Ya ce in kawo sabuwar reza da kwano cike da ruwa. Ya tsoma gindin kowane kara a ruwan, a can ciki ya yanke shi a karkace, daidai ƙasan gaɓa, don kada iska ta shiga ta toshe masa hanyar sha. Ya tsinke duk ganyen ƙasa da farce, ya bar huɗu-huɗu a sama. Ya wanke wata tsohuwar kwalbar zuma da toka. Da na nufi famfo, ya tsayar da ni. Ruwan tanki yana wuni a rana a saman gida, da tsakar rana ko hannu ba ya iya jure shi. Daga randar da maigadi ke sha ya ɗebo, ruwan da ya kwana. Ya zuba ruwan zurfin yatsa uku, ya jera karan yadda babu ganyen da ya taɓa ruwa. Sannan ya hura farar leda da bakinsa ya kifa a kansu, bai ɗaure ba, ya ce suna son laima amma suna son numfashi.

Ganyen da ya tsinke kuwa ya ƙirga su, arba'in da biyu. Ya goge kowanne da tsumma mai taushi har ya bushe, domin ɗigon ruwa idan ya kwana a kan ganyen, a nan baƙi yake farawa. Ya shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga a ƙwarya, ya jera su ba tare da wani ya hau wani ba, ya sake ƙyalle, ya sake jeri. Ya rufe da faifai. Ya kai ƙwaryar gindin randa, ya binne rabinta a cikin jiƙaƙƙen yashin da randar ke zaune a kai. Na sa hannu a wurin. Sanyinsa kamar na ɗakin soro da hantsi, wanda jiki ke so.

A da Jummai takan watsa cikin hannu guda a tukunya. Yanzu Baba ya ce shida a rana, uku da rana uku da yamma. Ya tsaya a ƙofar kicin yana ba ni umarni, domin bai taɓa shiga ciki ba a shekara arba'in. Kada in sa wuƙa. Kada in saka a kan wuta. In sauke romon, in zuba a kwano mai murfi, in yayyaga ganyen da hannu a kai, in rufe nan da nan, kada in buɗe sai a gaban hancinta. Na yi haka. Da na ɗaga murfin a ɗakin, ƙamshin ya tashi gaba ɗaya kamar an saka ninkin abin da aka saba. Gwaggo ta shanye, ba ta tambayi komai ba.

Kwalbar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Karan suna son haske, rana kuwa kashe su za ta yi cikin awa guda. Baba ya san inuwar gidan nan kamar yadda ladan ya san lokutan salla. Da sassafe kwalbar tana kan dakalin baranda ta yamma. Da hantsi ta koma ƙarƙashin mangwaro, inda haske ke tsiyayowa ta cikin ganye. Kafin Azahar tana bayan gareji, inda iska ke ratsawa tsakanin bango biyu. Sau biyar yake ɗauke ta a wuni, yana rungume da ita a ƙirji, yana tafiya da kaɗan-kaɗan don kada ruwan ya girgiza. Kowace safiya ya zubar da ruwan, ya ɗauraye kwalbar, ya sa sabo. Ranar Juma'a ma ya zo, abin da maigadi ya ce bai taɓa gani ba.

Ranar Sallah ya zo kai tsaye daga Idi, da sabuwar shaddarsa ruwan toka. An yanka ragon, gida ya cika da 'yan uwa da hayaƙi da ƙaurin suya. Ya ɗauki kwalbar ya kai ta can ƙarshen gida, bayan ɗakin janareta, ya zauna kusa da ita a kan bulo. Aƙilu, wanda ya kwana biyar yana kauce masa, ya kawo masa gasasshiyar hanta a faranti.

“Baba, ci ka ji. Wallahi naman nan Bankok yake ƙamshi. Ragon ya yi tafiyar da ni ban yi ba.”

“Da ka ƙara sassauta igiyar kaɗan, da har Makka ya je.”

Ya karɓi farantin. Ranar ce na fara jin dariyarsa.

Washegarin Sallah ya sunsuna ruwan kwalbar ya ɓata fuska. Kara ɗaya ya fara ruɓa daga gindi. Ni ban ga komai ba sai da ya matsa shi ya narke a yatsansa. Ya cire shi, ya sake wanke kwalbar da toka. Kwana ɗaya bayan haka wani ya bi shi. Saura uku.

Ganyen ƙwarya kuwa, a rana ta bakwai na ɗaga faifan na tarar da na ƙarshe kore shar, a miƙe, kamar da safen aka tsinko su. Mako guda a zafin Kano, babu wuta babu ƙanƙara. Na tsaya da ƙwaryar a hannu na daɗe ina kallo. Shekara huɗu na yi ina karanta ilimin tsirrai, kuma da an tambaye ni a jarrabawa da na rubuta cewa ba zai yiwu ba.

Amma sun ƙare. Rana ta takwas na kai romo babu ganye. Gwaggo ta karɓi cokali biyu ta rufe baki. Da yamma ko ɗaya ba ta karɓa ba. Likita ya zo washegari da safe, ya auna ta, ya ce idan ta ƙara wuni biyu haka zai sa a kawo motar asibiti. Mustafa ya sake kira, ya ce in ba Baba wayar. Ina jin muryarsa daga nesa yana cewa a tsinke duk abin da ke cikin kwalbar a dafa, uwa ta fi ciyawa. Baba ya saurara har ya gama. Cikin ladabi ya gaya masa cewa ganye goma sha biyu ne, abincin kwana biyu, ranar ta uku kuma babu ganye babu iri, Hajiya tana nan inda take. Ya roƙi a ba shi zuwa jibi.

Baba ya kira ni bayan gareji. Ya zaro kara ɗaya ya goga gindinsa a leɓensa na ƙasa, ya miƙo mini. Sai da na kai ido kusa na ga wasu fararen ƙuraje, ƙanana kamar tsakin shinkafa. Saiwa ce ta fara tsattsagowa. Ukun duka sun yi.

Ya ɗauki reza ya yanke rabin kowane babban ganye, a kwance, ya bar rabin a jikin karan. Ya ce rabin ganye ya ishi kara rayuwa, har ma yana rage masa ƙishi. Guntayen da ya yanko suka yi romon ranar da na washegari. Gwaggo ta ci, ba da yawa ba, amma ta ci. Daga nan babu sauran abin yanka. Abin da ya rage a kwalbar, idan aka taɓa shi, an kashe.

Safiyar rana ta goma sha ɗaya ya sake tsugunawa a bayan labule. Ya ce yana roƙon Hajiya ta fito baranda ta ci abincin a can. Ta ce ba za ta ba. Ya ce zai kawo mata ƙamshin, amma ɗakin ya cika da warin magani da turaren wuta da sanyin na'ura, ganyen ba zai yi magana a ciki ba, sai a waje, da hantsi, lokacin da iska ta ɗan ɗumama.

“So kake Aƙilu da maigadi su ga yadda na koma.”

“Na aike su, Hajiya. Ni kuma kin san ba gani nake ba.”

Na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, wanda na ɗauka tari ne. Dariya ce. Ta ce in ɗauko mata mayafi.

Na tura ta a kekenta na marasa lafiya zuwa baranda. Wata goma sha ɗaya rabonta da waje. Ta runtse ido saboda haske, ta yi ta kallon bishiyoyin kamar tana ƙirga su. Baba ya sa ƙaramin tebur a gabanta, ya ɗora kwalbar a gefen da iska ke fitowa, ya cire ledar. Na ajiye romon, fari fat, babu komai a ciki sai kaza da shinkafa. Ya ce in cika cokali in riƙe. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya shafi kan karan daga ƙasa zuwa sama, sau ɗaya, a hankali yadda ko lanƙwasa ba su yi ba.

Ƙamshin ya taso ya cika barandar. Ni kaina sai da yawuna ya tsinke. Gwaggo ta ja numfashi, ta buɗe baki, na ba ta. Ta haɗiye. Ya jira ta huta, ya sake shafawa, na sake ba ta. Haka muka yi ta yi, shi da hannu ni da cokali, har cokalin ya fara karo da gindin kwano.

“Wayo ka yi mini, Mamman.”

“Eh, Hajiya.”

“Da yamma ma a nan zan ci.”

Motar asibiti ba ta zo ba. Kwana uku bayan haka saiwar ta kai tsawon gaɓar yatsa, ruwan sama na farko mai ƙarfi kuma ya sauka. Baba bai mayar da su kwamin bayan kicin ba. Ya samo tukwanen ƙasa uku, ya huda gindinsu, ya cika da ƙasar gindin mangwaro da ruɓaɓɓen taki, ya kawo su baranda don Gwaggo ta ci gaba da cin abincinta kusa da su har su yi ganyen tsinka. Ɗaya daga ciki, ya ce, idan ta kama, Tudun Murtala zai tafi da ita ya ajiye a gidansa, kada a sake tara su wuri guda.

Gwaggo tana zaune a kekenta tana kallonsa yana dasawa. Ya yi rami da ɗan yatsa, ya zura karan, ya tattaro ƙasa yana dannawa da manyan yatsunsa biyu. Ta ce yana danna ƙasar da ƙarfi, matar Bankok ba haka take yi ba. Ya ce to, Hajiya. Ya jawo tukunya ta biyu, ya danna ta daidai yadda ya danna ta farko.